Zagayen Binondo da ƙafa: abin da jagora ya nuna mana da abin da ya tsallake

Binondo unguwa ce a tsakiyar Manila, babban birnin ƙasar Filifin, tana gefen arewa na kogin Pasig, daura da tsohon birni mai ganuwa da ake kira Intramuros. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, amma ta shafe fiye da shekaru 400 tana matsayin mazaunin 'yan kasuwa masu asalin Sin, kuma a yau ana tallata ta ga baƙi a matsayin unguwar Sinawa mafi daɗewa a duniya. Abin da aka fi sayar wa ɗan yawon buɗe ido a wurin shi ne zagayen ƙafa na rabin yini tare da jagora, inda ake haɗa bayanin tarihi da ɗanɗana abinci a shaguna daban-daban, kuma kuɗin abincin yana cikin abin da mutum ya biya tun farko. Irin wannan zagaye na shiga. Ra'ayina shi ne kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai an fi kula da cikin baƙo fiye da fahimtarsa, kuma akwai abubuwan da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani tun kafin ya biya.

Tsarin kansa ba shi da wahala. Ana yin rajista ta intanet, a haɗu da safe a dandalin da ke gaban cocin Binondo, jagora ya ƙirga mutanensa, a kama hanya. Jagoranmu yana jin Turanci sosai, yana ɗauke da ƙaramar lasifika saboda hayaniyar titi, bai makara ba, kuma bai bar kowa a baya ba, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a cikin irin wannan cunkoso. Ta wannan fuska ba ni da ƙorafi.

Ya fara da shekarar 1594, lokacin da gwamnan Sifaniyawa masu mulkin mallakar ƙasar, Luis Pérez Dasmariñas, ya ware wannan fili domin Sinawan da suka karɓi addinin Katolika, ya kuma danƙa kula da su a hannun limaman ɗariƙar Dominika. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Sinawan da ba su sauya addini ba an killace su ne a wata unguwa daban mai suna Parián, wadda aka ajiye a inda igwogin ganuwar Intramuros za su iya kaiwa, domin masu mulkin suna buƙatar Sinawa kuma suna tsoronsu a lokaci guda. Buƙatar ta samo asali ne daga cinikin manyan jiragen ruwa da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco ta ƙasar Meksiko daga 1565 zuwa 1815, suna kawo azurfa suna komawa da alharini da tangaran da fataken lardin Fujian na ƙasar Sin suke kawowa. Tsoron kuwa ya haifar da kisan kiyashi na 1603, wanda aka ƙiyasta ya ci rayukan Sinawa kusan 20,000, sannan aka sake yin wani a 1639. Jagoran ya ambaci Parián a cikin jimla ɗaya ya wuce, kisan kuwa bai taɓa shi ba sai da wani daga cikinmu ya tambaya. Na fahimci cewa mutanen da suka fito shan iska ba su zo jin labarin jini da safe ba, amma wanda bai ji wannan ɓangare ba ba zai gane dalilin da ya sa Sinawan Manila suka rungumi baftisma da sunayen Sifaniyawa da auratayya da 'yan ƙasa ba, alhali wannan cuɗanya ita ce ta haifar da unguwar da aka kawo mu gani.

Cocin da muka taru a gabansa an kafa shi a 1596, ya sha luguden wutar sojojin Birtaniya a 1762, aka sake gina shi, sannan yaƙin duniya na biyu ya rushe mafi yawansa. Abin da ya tsira daga tsohon ginin shi ne fuskarsa da hasumiyar ƙararrawa mai kusurwa takwas. Yana ɗauke da sunan Lorenzo Ruiz, ɗan unguwar wanda mahaifinsa Basine ne mahaifiyarsa kuma 'yar ƙabilar Tagalog, wanda aka kashe a Nagasaki ta ƙasar Japan a 1637 saboda addininsa, kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya sanya shi cikin waliyyan Katolika a 1987, shi ne na farko daga Filifin. A nan jagoran ya yi ƙoƙari, kuma ya ba mu lokacin shiga ciki ga mai so.

Daga gefen cocin aka shiga titin Ongpin, wanda shi ne jijiyar unguwar. An sa masa wannan suna a 1915 domin tunawa da Román Ongpin, ɗan kasuwar da ya taimaka wa masu fafutukar 'yancin Filifin da dukiyarsa, kuma mutum-mutuminsa yana tsaye a bakin titin. Shagunan zinariya a jere suke, tsakaninsu akwai kantunan maganin gargajiyar Sin masu ɗaruruwan ƙananan aljihunan katako, inda ake auna saiwoyi da busassun ganyaye a kan ɗan sikelin hannu. Wurin da ya fi tsayar da ni shi ne wata kusurwa inda titin ya haɗu da na Tomas Pinpin. A jikin bango akwai gicciye da ake kira Santo Cristo de Longos, an rataya masa furannin sampaguita, a gabansa kuma akwai tukunyar toka cike da turaren tsinke irin na wuraren bautar Sinawa. Masu wucewa suna tsayawa su kunna turare su rusuna su yi alamar gicciye su ci gaba da harkarsu. Babu wanda ya shirya wannan domin baƙi, ba a karɓar kuɗin kallo, kuma duk bayanin da aka yi mana a ranar babu wanda ya kai wannan kusurwa nuna yadda al'adu biyu suka narke a jikin mutum ɗaya. Da ni ne mai tsara zagayen, da a nan zan fi daɗewa. Mun yi 'yan mintoci kaɗan aka ce mu hanzarta kada layi ya yi tsawo a shagon da ke gaba.

Abinci shi ne ƙarfin wannan zagaye, kuma dole in yaba. Kusan duk abin da aka ajiye mana daga girkin mutanen Fujian ya samo asali, amma ya daɗe a Filifin har 'yan ƙasar ba sa kallonsa a matsayin baƙon abu. An fara da lumpia ɗanye, wanda ake naɗe dafaffen kabeji da karas da awara a cikin siririn ɓawon fulawa, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa da sukari da busasshiyar ciyawar teku, a zuba tafarnuwa da miya mai zaƙi. A gabanmu aka naɗe shi, kuma haɗuwar zaƙi da kaifin tafarnuwar ta fi yadda na zata daɗi. Sai pancit, wato soyayyiyar taliya da kayan lambu, sai mami, taliya cikin romo mai zafi, sai siopao, wani curin fulawa mai nama a ciki da ake turarawa, a wasu shagunan kuma a ƙara soya ƙasansa har ya yi ƙamas. A wani ɗan shago da bai fi tebur kaɗan ba mun kalli mata suna murza fulawa suna ƙulla ƙananan ƙunshin nama da ganye da hannu, da saurin da ido ba ya iya bi. Yawan abincin ya wadatar, har wanda ya karya kumallo kafin ya zo zai yi nadama, kuma jagoran ya san lokacin da kowane shago yake sauke sabon girki, wanda wannan kaɗai dalili ne na biyan kuɗinsa maimakon mutum ya yi ta lalube shi kaɗai.

An ƙarasa ɓangaren ci a kantin Eng Bee Tin, wanda aka kafa a 1912, kuma ya yi suna wajen hopia, wani ɗan gasasshen abin maƙulashe mai ɓawo fale-fale. Na asali ana cusa masa niƙaƙƙen koren wake mai zaƙi, amma wanda ya fitar da sunan kantin shi ne na ube, wata doya mai launin shuni, wanda Gerry Chua, jikan gidan, ya ɓullo da shi a shekarun 1980. Labarin da ya fi hopia ɗin jan hankalina shi ne na motocin kashe gobara masu launin shuni da ake gani a unguwar. Binondo tana da tsohuwar al'adar 'yan kwana-kwana na sa-kai, saboda gine-gine a manne suke da juna kuma shaguna cike suke da kaya, gidan Chua kuwa yana cikin manyan masu ɗaukar nauyinsu, har akwai gidan cin abinci mai suna Café Mezzanine da ribarsa take tafiya ga wannan aiki. Irin wannan bayani ne yake nuna wa baƙo yadda al'umma take riƙe da kanta, kuma na ji daɗi da jagoran bai manta da shi ba.

Babban aibin da na gani ya shafi naman alade. A takardar rajista an tambayi ko mutum yana da abin da ba ya ci, na kuma rubuta, amma da muka isa sai na tarar saƙon bai kai ga jagoran ba. Girkin Binondo kuwa alade ne ginshiƙinsa: yana cikin siopao, yana cikin ƙunshin naman nan, ana dafa romon taliya da ƙashinsa a wurare da dama, akwai nau'in hopia da kitsensa ne sinadarinsa, kuma ko abin da ake gani kamar ganye zalla ana iya soya shi da man alade ko a tsarma masa nama. Da na kira shi Kuya, wato yaya a harshen Tagalog, na ce masa, “Kuya, ni fa ba na cin alade ko kitsensa,” sai ya ba da haƙuri, ya riƙa shiga gaba yana tambayar masu girki, inda babu tabbas kuma ya samo mini wani abu a madadinsa ko ya ce in haƙura. Wannan halin kirkinsa ne, ba tsarin kamfanin ba, kuma a ƙarshe na biya cikakken kuɗi alhali da dama daga abin da aka jera kallo kawai na yi musu, sai dai in ji ra'ayin abokan tafiya. Musulmi, ko duk wanda ba ya cin alade, ya kamata ya yi magana da kamfanin kai tsaye kafin ya biya, ya nemi a faɗa masa shago-shago abin da zai iya ci. Wanda kuma yake son halal tsantsa, ba a Binondo zai same shi cikin sauƙi ba. Unguwar Quiapo tana kusa, a can ne Masallacin Zinariya da aka gina a 1976 yake, kewaye da shi kuma akwai gidajen abincin Musulmin kudancin ƙasar.

Mun ratsa ta lungun Carvajal, wata siririyar hanya da mutum biyu da ƙyar suke gittawa, cike da masu 'ya'yan itatuwa da busassun kayan teku da kayan miya. A nan ne mutum yake tuna cewa unguwar ba domin mu take raye ba. 'Yan dako suna turo baro suna neman hanya, matan gida suna ciniki cikin Tagalog da Hokkien, harshen mutanen kudancin Fujian, a gauraye, motocin kaya suna sauke dila a gaban shagunan 'yan sari na ƙarafa da kayan lantarki da takarda. Babbar kasuwar Divisoria tana maƙwabtaka da ita, kuma hada-hadar biyun a haɗe take. Rukuninmu da wayoyinmu a sama tare hanya kawai muka yi, kuma na lura masu sana'ar sun saba da hakan, ba sa fushi ba sa kuma dakatawa.

Titin Escolta shi ne wanda aka fi zalunta a wannan zagaye. Aka kai mu lokacin da kowa ya ƙoshi ya gaji, aka nuna gine-gine biyu uku da yatsa, aka sallame mu. Alhali kafin yaƙin duniya na biyu wannan titi shi ne cibiyar kasuwancin Manila baki ɗaya, mai bankuna da manyan kantuna da gidajen silima. Ginin First United na 1928, wanda Andrés Luna de San Pedro ya zana, yana nan tsaye, kuma a ƙasansa matasa masu zane da ɗinki da sana'ar hannu sun buɗe ƙananan shaguna. Ginin Regina da na Calvo ma suna nan, haka nan El Hogar na 1914 a bakin kogi, wanda ya daɗe a rufe. Yaƙin ƙwato Manila a watan Fabrairun 1945, wanda ya kashe fararen hula kusan 100,000, ya yi wa yankin mummunar ɓarna, bayan haka kuma manyan kamfanoni suka riƙa ƙaura zuwa Makati, wani birni da ke maƙwabtaka da Manila. Abin da yaƙi ya bari yanzu dogayen benaye na haya ne suke cinye shi, domin filin Binondo yana da tsada ƙwarai, kuma mafi yawan gidan silima na Capitol, aikin mai zanen gine-gine Juan Nakpil, an rushe shi a 'yan shekarun nan. Kamfanin da yake cin abinci da sunan tarihin unguwa ya kamata ya faɗa wa baƙinsa wannan, ko da a taƙaice.

Akwai kuma tambayar da zagayen bai yi ba, wato wace al'ada ce ake tallatawa. Ƙatuwar ƙofar ado da aka kafa a 2015 a gindin gadar Jones, da jajayen fitilu, da hotunan dodon Sinawa a jikin turakun titi, duk suna gaya wa baƙo cewa ya shigo wani yanki na ƙasar Sin. Mutanen unguwar kuwa Tsinoy suke kiran kansu, 'yan Filifin masu asalin Sin, da yawansu Katolika ne, kuma wasunsu sun soki wannan ƙofa tun lokacin da aka gina ta. Zamansu 'yan ƙasa bai zo a sauƙaƙe ba. Dokar 1954 ta hana waɗanda ba 'yan ƙasa ba cinikin sayar da kaya ɗai-ɗai, abin da ya tura Sinawa da dama zuwa sari da masana'antu, kuma sai a 1975 ne gwamnatin Ferdinand Marcos ta sauƙaƙa musu samun takardar zama ɗan ƙasa, a shekarar da Manila ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing. Jinin Sinawa yana jikin José Rizal, gwarzon ƙasar, yana kuma jikin tsohuwar shugaba Corazon Aquino ta gidan Cojuangco. A lokacin da ƙasashen biyu suke takun saƙa a kan teku, bambance ɗan Filifin mai asalin Sin da gwamnatin Sin ba ƙaramin abu ba ne ga waɗannan mutane, kuma ado irin na ƙofar nan ba ya taimakawa wajen bambancewar. Wanda yake son cike wannan giɓi ya tsallaka kogi zuwa gidan tarihi na Bahay Tsinoy a Intramuros, wanda ƙungiyar Kaisa Para sa Kaunlaran take gudanarwa, ko ya shiga gidan tarihin unguwar da aka buɗe a 2019 a cikin rukunin kantunan Lucky Chinatown. Shawarata ita ce a fara da gidan tarihin kafin zagayen, domin tituna sun fi ma'ana ga wanda ya riga ya san labarin.

Game da yanayin wurin, kada hotunan talla su ruɗi kowa. Gefen titin da aka tanada domin masu tafiya a ƙasa ƙunci gare shi, sau da yawa babura da kayan shaguna sun mamaye shi, don haka rabin tafiyar a kan kwalta ake yin ta tsakanin motoci da kekuna masu ɗaukar fasinja. Magudanan ruwan da suka ratsa unguwar, waɗanda a da kwale-kwale ke bi da kaya, wasunsu suna wari, musamman idan rana ta take. Wurin zama da bayan gida sai a cikin gidajen abinci. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai keken guragu, ko mai ƙananan yara zai sha wahala, kuma kamfanin bai yi wannan gargaɗi a tallarsa ba. Zafi ya fi tsanani a watannin Afrilu da Mayu, daga Yuni kuma damina take kamawa, inda ruwan sa'a ɗaya kan iya cika wasu tituna. Bikin sabuwar shekarar Sinawa, wanda ya zama ranar hutu a ƙasar tun 2012, yana da ban sha'awa da rawar zaki da ta dodo da ganguna da tarin tikoy, wainar shinkafa mai danƙo da ake rabawa a lokacin, amma cunkoson ranar ba ya barin a ji bayanin jagora ko a shiga shago, don haka ba ranar zagaye ba ce.

Zuwa wurin ya fi sauƙi da jirgin ƙasa na LRT layi na 1, a sauka a tashar Carriedo a taka zuwa Escolta ko Ongpin, ko kuma da jirgin ruwan fasinja na kogin Pasig da yake tsayawa a Escolta. Daga Intramuros ana iya tsallakowa ta gadar Jones ko ta sabuwar gadar Binondo da Intramuros da aka buɗe a 2022. Shiga da mota ɓata lokaci ne. A riƙe tsabar kuɗin peso ƙanana, domin ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati, a kuma rataya jaka ta gaba a wuraren turmutsutsu. Mai sha'awar hawa kalesa, keken dokin da har yanzu yake yawo a unguwar, ya daidaita da mai shi a kan kuɗi da nisan tafiya tun kafin ya ɗora ƙafa.

Wanda ya zo Manila karon farko, yana cin komai, kuma lokacinsa kaɗan ne, wannan zagaye ya dace da shi, zai kuma fita a ƙoshe da sanin shagunan da zai koma da kansa. Wanda tarihi ya kawo shi gara ya nemi jagora na shi kaɗai, ya gaya masa tun farko cewa yana son a rage tsayawa wajen ci, a ba Escolta sa'a guda cikakkiya, a kuma fara da ita da sassafe kafin rana ta yi zafi.